Lamba mai alƙaluma miliyan 41

A ilimin lissafi akwai lambobin da ake kira marasa rabuwa. Lamba marar rabuwa ita ce wadda ta fi 1, kuma babu lambar da ke raba ta daidai, ba ragowa, sai 1 da ita kanta. Goro 12 yana kasuwa kashi 3, kowane kashi goro 4. Goro 13 kuwa ba ya kasuwa daidai, sai dai mutum 13 su ɗauki ɗaya ɗaya, ko mutum guda ya kwashe duka. Saboda haka 13 marar rabuwa ce.

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan Iƙlidis na birnin Iskandariyya ya tabbatar da cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Ke nan babu wadda ta fi duka girma, sai dai wadda ta fi girma cikin waɗanda aka gano.

A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wadda ta zarce duk waɗanda aka sani kafin nan. Ga yadda ake samun ta: a jera 2 har guda 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Amsar tana da alƙaluma 41,024,320. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi fiye da kwana 470.

Lambobi masu wannan siffa ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista a Faransa wanda ya rasu a 1648. Suna da sharaɗi: dole yawan 2 ɗin da aka jera ya zama shi ma marar rabuwa. In an jera 2 guda 3, a sami 8, a cire 1, saura 7, marar rabuwa. In an jera guda 4 kuwa, 15 za a samu, wato 3 sau 5. Amma cika sharaɗin bai isa ba. 11 marar rabuwa ce, duk da haka tana ba da 2,047, wato 23 sau 89. Mersenne da kansa ya yi tuntuɓe a nan, ya sa 67 cikin jerinsa, daga baya aka ga tana ba da lamba mai rabuwa.

Abin da ya sa manema suka fi bin wannan siffa shi ne tana da gwaji mai sauƙi, na Lucas da Lehmer. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a yi ta maimaitawa gwargwadon girman lambar. Ga 7, zagaye ɗaya ya isa: 4 sau 4 a cire 2, saura 14, kuma 7 tana raba 14 daidai. Ga lambar Durant ana bukatar zagaye fiye da miliyan 136, aikin da sai na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ita ce ta 52 da aka gano cikin wannan dangi.