Ranar da Lauda Ya Ɗaure Jirginsa

Hadarin ya haɗo daga gabas, kamar yadda ya saba, wajen la'asar sakaliya. Muna tsaye a wani mashigi na gulbin Kwara a ƙasar Bagudo, muna jiran a ƙetarar da mu ɓangaren Illo. Watan Agusta ne, gulbi ya cika ya batse, ruwan ya yi jajir. Jirgi ya riga ya sha kaya: buhunan hatsi, babura biyu a kwance, jarkoki, akuya uku da aka ɗaure wa ƙafafu, ga mata da goyo sun zauna a tsakiya. Mai fiton wani tsoho ne Basarke, kuma ya riga ya karɓi kuɗin kowa. Sai muka ga ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sunkuyar ya dubi fuskar ruwa, ya daɗe yana kallo. Daga nan ya kashe inji, ya mayar da igiya a turke, ya kwance bakin aljihu ya fara mayar wa mutane kuɗinsu.

Wani saurayi ɗan kasuwa, wanda kayansa za su bi ta Lolo su shiga Benin, ya taso masa.

"Haba Baba! Minti nawa ne mu ƙetare? Kafin ya sauko mun isa."

"Ɗana, amshi kuɗinka. Ba ni shiga ruwan ga yanzu."

"Tsoro kake ji ke nan, Baba?"

"Ƙwarai kuwa," in ji tsohon, bai ko ɗago kai daga ƙirgan canji ba.

Shekaru bayan haka na kalli fim ɗin Rush na 2013, wanda aka yi a kan kakar tseren motoci ta Formula 1 ta 1976. Na bi diddigin labarin a littattafai, sai na tarar tsohon nan nake ta gani, sanye da jar riga da hular kwano.

Ga wanda bai san wasan ba, motocin Formula 1 ba irin namu ba ne. Kujera ɗaya ce, ba rufi, tayoyi huɗu a waje tsirara kamar na amalanke, direba kuma kusan a kwance yake, a wancan zamanin tankin mai na kewaye da shi. A shekarar 1976 an yi tsere 16, daga Birazil a watan Janairu, aka ratsa ta Afirka ta Kudu da Turai da Amurka, aka ƙare a Japan a watan Oktoba. A shekarar, wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, na uku 4, haka har zuwa na shida mai maki 1. Kamar fatauci ne na kasuwanni 16: ba wanda ya fi ciniki a rana ɗaya ake nema ba, sai wanda jakarsa ta fi nauyi ranar da aka tashi kasuwar ƙarshe.

Mutum biyu suka riƙe shekarar. Niki Lauda ɗan ƙasar Ostiriya, direban Ferrari, shi ke riƙe da kambun 1975. Mutum ne mai lissafi, ba ya son hayaniya, ya fi son ya wuni da makanikai yana sauraren inji. James Hunt kuwa Baturen Ingila ne, direban McLaren, dogo mai gashi buzu-buzu, ɗan shagali, wanda zai kwana a gidan rawa ya wayi gari ya yi gudun da ba wanda zai kamo shi. Duk tashar kabu-kabu da ka sani tana da irin waɗannan biyun: ɗaya yana duba baƙin mai da iskar taya kafin ya tayar, ɗaya kuma sai ya hau ya murɗa, kuma fasinjoji sun fi kiran sunansa. Abin da fim ɗin bai fito da shi sosai ba shi ne, su biyun abokai ne tun suna ƙananan direbobi.

Farkon shekara Lauda ya yi ta kwasa. Hunt kuma ya yi ta fama da alƙalai. Ya ci tseren Sifen, aka auna motarsa aka ce ta zarce faɗin da doka ta yarda da santimita 1.8, abin da bai kai kaurin babban yatsa ba, aka ƙwace nasarar, daga baya aka mayar masa. Ya ci na Ingila, bayan wata biyu aka ƙwace aka ba Lauda. Duk mai sayar da shinkafa da aka taɓa yi wa gardamar mudu ya san irin wannan ɓacin rai.

Sai ranar 1 ga Agusta, a Nurburgring ta ƙasar Jamus. Wannan fili ba fili ba ne, hanya ce da a lokacin take da tsawon kilomita 22.8, ta ratsa daji da tuddai, kwana sama da 150, ta yadda ruwa zai iya sauka a wani gefe, wani gefen kuma ƙasa a bushe. Motar kashe gobara ba za ta iya zama a kowace kwana ba. Lauda ya fi kowa sanin hanyar, don a 1975 ya zagaye ta cikin ƙasa da minti bakwai. Shi ne kuma ya tara direbobi ya nemi a ƙi yin tseren saboda hatsari. Aka kaɗa ƙuri'a, aka rinjaye shi, ya shiga mota. A zagaye na biyu, kusa da kwanar Bergwerk, motar ta ƙwace, ta daki gefen tudu, ta kama da wuta, ta dawo tsakiyar hanya, wasu motocin suka sake dukanta. Hular kwanonsa ta cire. Direbobi huɗu, Arturo Merzario da Guy Edwards da Brett Lunger da Harald Ertl, suka tsayar da nasu motocin suka shiga wutar suka jawo shi. Fuska ta ƙone, mafi yawan kunnen dama ya tafi, hayaƙi mai guba ya cinye huhu. A asibiti har limamin coci ya zo ya yi masa addu'ar da suke yi wa mai gargara.

Nan ne labarin ya zo mini gida sosai. Yana kwance, kamfanin Ferrari ya ɗauko wani direba, Carlos Reutemann ɗan Ajantina. Ba mugunta ba ce tsagwaronta, sana'a ce. Yaron da ke tuƙa babur ɗin ubangida tsakanin Kaoje da Tsamiya ya san wannan: ranar da ya karye, za a zo a duba shi da lemo da 'yan kuɗin magani, amma makulli ba zai kwana a ƙarƙashin matashinsa ba. Balas ba ya jinya. Ina jin wannan na cikin abin da ya tayar da Lauda daga gado. Kwana 42 bayan gobarar, ranar 12 ga Satumba, ya shiga tsere a Monza ta Italiya, fatar da aka ɗebo daga cinyarsa aka liƙa masa a fuska ba ta gama kamawa ba. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ranar gwajin farko tsoro ya kama shi har ya kasa taka mota. Ranar tsere ya zo na huɗu. Da ya cire hula, bandejin ya jiƙe da jini.

Ina so a riƙe wannan, domin mutumin da ya yi haka ne za a kira matsoraci bayan mako shida.

Hunt ya ci Jamus da Holan a lokacin da Lauda ke jinya, ya kuma ci Kanada da Amurka bayan ya dawo. Da aka isa Japan, filin Fuji da ke gindin dutsen nan mai suna, tazarar ta koma maki uku: Lauda 68, Hunt 65. Ranar 24 ga Oktoba aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga hazo. Ruwa ya kwanta a kan kwalta, har yana gudu a wasu wuraren. Irin waɗannan motoci in suka taka ruwa, feshin da tayoyin ke tayarwa bango ne fari, na baya ba ya ganin komai, kuma yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Direbobi da dama, har da Hunt, ba su so a yi ba. Aka jinkirta, aka yi ta shawara. Amma an riga an sayar wa gidajen talabijin na duniya lokaci, 'yan kallo sun cika, rana kuma tana faɗuwa. Kasuwa ba ta jiran mai hankali. Aka ce a tashi.

Lauda ya yi zagaye biyu, ya karya sitiyari ya shiga rumfar makanikai, ya kashe inji. Wutar Nurburgring ta lalata masa fatar ido, ba ya iya ƙiftawa yadda ya kamata, ga ruwa, ga duhu. Ba shi kaɗai ya tsaya ba, Emerson Fittipaldi mai kambu biyu da Carlos Pace su ma sun ajiye, amma su ba su da abin asara. Shi kuwa kambun duniya ya ajiye a bakin hanya.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a cikin rumfar. Babban injiniyan Ferrari, Mauro Forghieri, ya ba shi mafita: a ce wa 'yan jarida wutar mota ce ta samu matsala. Ƙarya ce mai rufin asiri, irin wadda dukanmu muke yi wa juna. Direban da ba ya son bin hanyar dare sai ya ce fitila ce ba ta da kyau. Mai jirgin da gabansa ya faɗi sai ya ce mai ne ya ƙare, ko fulogi ya jiƙe. Ba wanda zai tuhume shi, shi ma ya tsira da mutuncinsa. Lauda ya ƙi. Ya ce a faɗa yadda abin yake: shi ya ga hatsarin ya yi yawa, kuma ransa ya fi masa kambu. Jaridun Italiya suka yi masa ca.

A wurinmu kalmar tsoro tana da nauyi a bakin namiji. Mun taso ana yi mana kirarin maza, ana nuna mana ɗan dambe da ɗan tauri. Shi ya sa "ƙwarai kuwa" ɗin tsohon nan ta daki kunnena fiye da tsawar da ke tafe. Da ya ce inji ne, da saurayin ya yi tsaki ya wuce. Da ya faɗi gaskiya, sai ya zama ya gaya wa duk wanda ke mashigin cewa ruwan abin tsoro ne, har da matan da ke da goyo, kuma biyu daga cikinsu suka sauke ƙunshinsu suka zauna tare da mu. Uzurin ƙarya da shi kaɗai zai tsirar.

To amma ga inda labarin ba ya yi wa masu wa'azi daɗi. A Fuji ruwan ya tsagaita. Hanya ta fara bushewa. Hunt, wanda ya daɗe yana gaba, tayoyinsa na ruwa suka cinye a kan busasshiyar kwalta, ɗaya ta fashe, ya shiga aka canza, ya fito yana na biyar saura 'yan zagaye kaɗan. Ya wuce Alan Jones da Clay Regazzoni ya ƙare na uku, Mario Andretti ya ci tseren. Hunt ya fito daga mota yana faɗa, a zatonsa ya rasa, sai da aka yi ta nanata masa cewa ya ci. Maki 69 da 68. Ba wanda ya mutu a ranar. Da Lauda ya daure ya lallaɓa, mai yiwuwa da kambun nasa ne.

Haka aka yi a mashiginmu. Wani yaro mai sabon inji ya matso da jirginsa, ya kwashi saurayin da babura da mafi yawan fasinjoji, har da akuyoyin. Muna kallo suka ratsa, jirgin yana tsalle a kan igiyar ruwa, suka isa lafiya lau. Hadarin da ya yi baƙi ƙirin ya zubar da ɗan yayyafi, iska ta kore shi yamma. Daga can ƙetare muna hango saurayin yana ɗaga mana hannu, kuma ba gaisuwa yake yi ba.

Ban yarda cewa wannan ya mayar da tsohon mai kuskure ba, ban kuma yarda Lauda ya yi kuskure ba. Mai yanke shawara a bakin ruwa da abin da idonsa ya gani yake aiki, ba da abin da zai faru bayan awa ɗaya ba. Wanda ya ƙetare lafiya sau tara ba shi da wata shaida a kan na goma, kuma gulbin nan ya sha nuna mana na goman. Mutanen Kebbi ba su manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgi maƙare da mutane ya nutse a wajen Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Matsalar ita ce mai ƙin shiga ba ya da abin nunawa. Hunt yana da kofi. Yaro mai sabon inji yana da kuɗin fito a aljihu. Wanda ya ɗaure jirgi ba zai iya nuna maka mutanen da ba su nutse ba.

Kada kuma a ɗauka ina rage wa Hunt. Ya ci tsere shida a shekarar, Lauda biyar, kuma tuƙin da ya yi cikin ruwan Fuji na maza ne. Kambun halalinsa ne. Shi ne kambu ɗaya tilo da ya samu, ya bar tsere a 1979, ya rasu a 1993 yana da shekara 45. Lauda ya dawo a 1977 ya karɓi kambu da motar Ferrari ɗin nan, kuma da ya tabbatar ya kama, ya tattara nasa ya nasa ya bar su tun kafin a yi tsere biyu na ƙarshe, don bai manta da maganar makulli ba. Ya sake ci a 1984 da McLaren, da tazarar rabin maki a kan Alain Prost. Formula 1 kuwa ba ta sake komawa tsohuwar doguwar hanyar Nurburgring ba tun daga ranar gobarar. Lauda ya rayu har 2019, da jar hularsa ta hana-sallah da yake rufe tabon da ita.

Mu da muka rage a mashigin mu shida ne. Da sama ta washe, gab da magariba, tsohon ya tashi ya kwashe ruwan da ya taru a cikin jirgi da wata tsohuwar roba, ya kwance igiya, ya ce mu shiga. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Baba, ga shi ruwan bai ma zo ba." Ya ja igiyar inji sau biyu bai tashi ba, a na uku ya kama.

"Bai zo ba, ɗiyata," ya ce. "Gyara zama, ki matso da yaron tsakiya."