Ranar Shuka Ba Ta Cikin Waya

Wani saƙo yana yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Zakka da Runka da Batsari, har an sami mai karanta shi da murya domin waɗanda ba sa karatun boko. Cewa yake hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta samu sabuwar kwamfuta mai ganin kowace gona, ta kuma tsayar da rana da sa'ar da ruwan shuka zai sauka a Zakka. Wai duk wanda bai binne irinsa kafin ranar ba, daminar bana ta wuce shi. Babu sunan jami'i, babu takardar hukuma, sai "a tura wa 'yan'uwa".

A gindin saƙon an liƙa wasu maganganu da ba su cancanci dogon bayani ba. Turakun waya ba sa korar hadari. Jiragen da ke wucewa sama ba sa ɗauke ruwan wani gari su kai wani. Hasashen yanayi kuma ba duba ba ne, awo ne na iska da zafi da laima, ruwa kuwa na Allah ne kamar yadda kowa ya sani.

Akwai gaskiya a cikin saƙon, kuma ita ta sa ya karɓu. NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har da Safana da Batsari cikin 34 na Jihar Katsina. Takan faɗi lokacin da ake sa ran faɗuwar damina, da ɗaukewarta, da yawan ruwa, da inda ake fargabar fari a tsakiya. Amma kirdado ne na ƙaramar hukuma sukutum, mai iya gaba ko baya da kwanaki. Wanda ya mayar da shi alkawarin rana ɗaya ga gari ɗaya, ko dai bai karanta ba, ko ya karanta bai damu da wanda zai cutu ba.

Ga yadda abin yake aiki. Kwamfutar hasashe tana yanka sararin sama gida-gida, ta lissafa abin da zai faru a kowane gida. A tsarin cibiyar hasashe ta Turai, wanda ake sawa a sahun gaba, faɗin gida ɗaya ya kai kimanin kilomita 9. Na Amurka ya fi haka faɗi. Yawancin manhajojin waya daga irin waɗannan suke ɗebo lissafi, su rubuta sunan garinka a kai. Tudu da kwari, duwatsun da ke warwatse a yammacin Katsina, bakin Dajin Rugu da filin da aka sare, duk sukan narke su zama ƙasa iri ɗaya a cikin gida guda. Ganin "Zakka" a fuskar waya ba ya nufin an auna komai a Zakka.

Ruwan ƙasarmu kuma yana da nasa hali. Mafi yawansa daga manyan hadura yake zuwa, waɗanda kan haɗu da yamma, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos ko duwatsun Azbin, su taso daga gabas su nufi yamma. Inda hadari zai fara haɗuwa ya danganta da ƙananan abubuwa, har da bambancin ƙasar da ta jiƙe jiya da wadda ta bushe. Shi ya sa ake tafka ruwa a Dutsin-Ma, Zakka ta samu iska da ƙura kawai. A 2018 masu bincike a Karlsruhe ta Jamus sun gwada manyan tsare-tsaren hasashe na duniya a kan ruwan arewacin Afirka mai zafi, na kwana 1 zuwa 5. Abin da suka samu shi ne, in ba a yi wa lissafin gyara ba, ba ya ma kamo mutumin da ya dogara da tarihin ruwan wurin kawai. Sababbin tsare-tsare masu ƙananan gidaje, na kilomita 4 ko ƙasa da haka, sun fi iya zana hadari yadda yake, amma har yanzu sukan ajiye shi a garin da ba nan zai zuba ba, ko su kuskure sa'ar. Wannan fa hasashen gobe da jibi ke nan. Ina ga rana guda da aka tsayar tun makonni?

Ruwan farko ma ba shi ne faɗuwar damina ba. Wani ma'auni da aka fitar a 1988 a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai ya ce sai an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fari na fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ma'ana, ko masanin ma sai bayan wata guda yake tabbatar da cewa wancan ruwan shi ne na shuka.

Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. Manomi a wannan yanki yana zuwa gona ne da fargabar 'yan bindiga, iri da taki sun yi tsada, kowace fita tana da lissafi. Mutumin da ke cikin wannan hali in aka ce masa ga rana tabbatacciya, dole ya riƙe ta. Asarar kuwa a kansa take ƙarewa: yayyafi ya tsirar da gero, rana ta ƙone shi, a koma neman irin sake shuka da bashi. Binne tsohuwar dabara ce, masu yin ta sun san caca ce, shi ya sa ba sa zuba duk abin da ke rumbu. Saƙon nan cewa yake a zuba duka.

Kada kuma a ce don haka hasashe duk banza ne. Na zafi da na hazon hunturu sun fi na ruwa dacewa nesa ba kusa ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat suna sauka duk bayan 'yan mintoci, kuma hadarin da ya riga ya haɗu ana iya bin sawunsa na wasu sa'o'i. Gargaɗin ruwa mai ƙarfi ga yanki abin ɗauka ne da gaske, musamman ga masu gidaje a bakin rafi; ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta ci rayuka fiye da 40 cikin dare ɗaya. Mai son hasashen NiMet na ainihi ya nemi malamin gona ko ya saurari rediyo, akwai fassararsa da Hausa. Batun ranar shuka kuwa, bayan ruwa a tona ƙasa a ga zurfin laima, a kuma rage iri a gida saboda sake shuka.