Zaɓen Tayar Keken Hawan Dutse Don Kwalta da Burji

Keken hawan dutse, wanda ya samo asali daga jihar Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1970, yakan zo da tayoyi masu manyan haƙora saboda duwatsu da laka. Amma yawancin masu hawansa a ƙasar Hausa hanya iri biyu suke bi a tafiya guda: kwalta a cikin gari, burji da rairayi idan aka nufi ƙauye ko gona. Irin wannan zirga-zirga tayar tsaka-tsaki take buƙata.

Abu na farko da ake dubawa shi ne girman rim. Kekunan nan suna zuwa da inci 26, ko 27.5, ko 29, kuma tayar wani ba ta shiga wani. A gefen kowace taya akwai lambobi irin su 54-559. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim: 559 na inci 26 ne, 584 na 27.5, 622 kuma na 29. Wanda ya je kasuwa da wannan lamba ba zai dawo da tayar da ba tasa ba.

Sai zanen taya, wanda shi ne ginshiƙin maganar. Dogayen haƙora masu tazara suna kama laka, amma a kan kwalta sai su riƙa gurnani, su cinye ƙarfin mai tuƙi, su kuma suɗe da wuri. Taya mai sumul tana gudu a kwalta, amma da zarar ta hau tsakuwa sai santsi ya kwashe ta. Mafita ita ce taya mai gajerun haƙora a cunkushe a tsakiya, da wasu masu ɗan tsayi a gefe. Na tsakiya suna gangarawa salin-alin a miƙaƙƙiyar hanya, na gefe kuma suna riƙe ƙasa idan aka karkata a kwana. Maxxis Ikon da Continental Race King da Schwalbe Smart Sam na cikin sanannun tayoyin wannan rukuni. Ƙwararru sukan sa mai ɗan manyan haƙora a gaba, domin zamewar tayar gaba ce ke kayar da mutum nan take.

Ta fuskar kauri, inci 2.0 zuwa 2.25 ya wadatar. Inda rairayi ya yi yawa, mai kauri ta fi, don ba ta nutsewa, muddin ba za ta goga jikin keke ba.

Ingancin jikin taya ma abin lura ne. Alamar TPI tana nuna yawan zaren da ke cikin kowane inci. Mai 120 ta fi laushi da rashin nauyi, mai 60 kuwa ta fi juriya da araha, ita ce ta dace da hanyar da ƙaya ta yi yawa. Akwai kuma tayoyi marasa tiyub, waɗanda ake zuba musu ruwan roba mai toshe ƙananan huji da kansa, sai dai ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, musamman a lokacin zafi.

Daga ƙarshe sai iska. Idan ta yi yawa, keke zai riƙa tsalle a burji. Idan ta yi kaɗan, rim zai matse tiyub a bakin rami ya huda shi wuri biyu. Ga matsakaicin mutum mai amfani da tiyub, matsin iska na psi 30 zuwa 40 ya dace da hanya mai gauraye, kada dai a wuce iyakar da aka rubuta a gefen taya.

Saboda haka, kafin a ciro kuɗi, a fara auna hanyar da aka fi bi kullum. Ita ya kamata ta zaɓi taya, ba kyan haƙora ko sunan kamfani ba.