Yadda Ake Kunna Fayilolin Sauti Ta Hanyar Rubuta Umarni Ga Kwamfuta

A yau sanarwar rigakafi, da bayanin malaman gona, da jawaban taro, duk kan iso ofisoshin ƙananan hukumomi da fadar hakimai a matsayin fayilolin sauti. Sau da yawa kwamfutar da ke ofis tsohuwa ce, tana nawa wajen buɗe manyan manhajoji, ko kuwa linzaminta ya lalace. Domin haka muka ga ya dace mu bayyana wa jama'a wata hanya mai sauƙi, wato layin umarni. Wannan wata taga ce da mutum ke rubuta abin da yake so, ya danna Enter, kwamfuta ta aiwatar nan take.

Ire-iren fayilolin sauti

Kafin a ba da umarni, wajibi ne a san irin fayil ɗin da ke hannu, kuma ana gane shi daga haruffan ƙarshen sunansa. Fayil mai .wav, wanda kamfanonin Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, yawanci sauti ne da ba a matse ba. Minti ɗaya mai ingancin faifan CD kan ci kusan megabait 10. Fayil mai .mp3, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, matsattse ne, ta yadda minti ɗaya kan tsaya a wajen megabait 1. Saƙon murya na WhatsApp kuwa yana amfani da tsarin Opus na shekarar 2012. Kowane iri yana bukatar manhajar da ta san yadda za ta warware shi.

A kan Linux

Da farko a shiga inda fayil yake ta rubuta cd da sunan wurin, sannan a rubuta ls domin ganin sunayen da ke ciki. Idan fayil ɗin .wav ne, sai a rubuta:

aplay sanarwa.wav

A kula, aplay ba ya warware MP3. Idan aka ba shi irin wannan fayil, ƙara mara ma'ana kawai za a ji, kuma hakan ba ya nufin fayil ɗin ya lalace. Manhajar da ta dace da MP3 ita ce mpg123:

mpg123 -C sanarwa.mp3

Da wannan umarni, harafin s yana dakatar da sauti ko ya ci gaba da shi, f yana tsallakawa zuwa fayil na gaba, q kuma yana rufewa. Wanda ke son sanarwa ta maimaitu sau uku ta lasifika, a ranar kasuwa ko a harabar asibiti, sai ya rubuta:

mpg123 --loop 3 sanarwa.mp3

Ga saƙon WhatsApp da sauran ire-ire, ffplay, wanda ke cikin kunshin FFmpeg, yana karɓar kusan kowane iri:

ffplay -nodisp -autoexit sako.opus

Kalmar -nodisp tana hana buɗe wata taga, -autoexit kuma tana sa manhajar ta rufe kanta idan sauti ya ƙare. Waɗannan manhajoji kyauta ne. A kan Ubuntu ko Debian ana saka su sau ɗaya da sudo apt install mpg123 ffmpeg, bayan haka ba a bukatar intanet wajen amfani da su.

A kan Windows da Mac

Mai Windows zai buɗe PowerShell ya rubuta:

(New-Object Media.SoundPlayer "C:\sauti\sanarwa.wav").PlaySync()

Wannan hanya ba ta karɓar komai sai .wav. Idan fayil ɗin wani iri ne, a saka FFmpeg a yi amfani da ffplay kamar yadda muka nuna a sama. A kan Mac kuwa, afplay sanarwa.mp3 ya wadatar.

Idan ba a ji sauti ba

A fara duba wayar lasifika da wutarta. Bayan haka, a kan Linux, a rubuta alsamixer. Duk inda aka ga MM, an toshe sautin ke nan. A danna M domin buɗe shi, a ƙara ƙarfi da kibiyar sama. Idan kwamfuta ta ce ba ta ga fayil ba, a sake duba rubutun sunan, domin Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Sunan da ke da tazara a tsakiya a saka shi cikin alamar zance, kamar "jawabin hakimi.mp3". Danna Ctrl da C tare yawanci yana tsayar da sauti.

Gargaɗi

Muna jan hankalin ma'aikata da kada su rubuta umarnin da ba su san aikinsa ba. Umarnin rm, alal misali, yana goge fayil kai tsaye ba tare da ajiye shi a kwandon shara ba. Haka kuma muna ba da shawarar a ajiye kwafin kowace sanarwa a wuri na biyu, kuma a saurare ta daga farko zuwa ƙarshe kafin a kunna wa jama'a, domin tabbatar da cewa ita ce daidai kuma ana jin ta sarai.