Ko Kun Sani? Labarin da Gida Ne Jaruminsa

A 1950 marubucin Amurka Ray Bradbury ya wallafa gajeren labarin "There Will Come Soft Rains", wanda babu ɗan Adam ko ɗaya mai rai a cikinsa. Bam ɗin nukiliya ya hallaka masu gidan, amma gidan mai sarrafa kansa bai daina hidima ba: murya na sanar da lokaci, murhu na soya ƙwai, ɓerayen ƙarfe na shara.

Da wannan labari mai sosa rai malaman sakandare a Amurka kan koyar da mutuntarwa, domin gidan har ihun neman agaji yake yi da gobara ta kama shi. Daga nan ɗalibai su zaƙulo hujjojin marubucin kan haɗarin miƙa wa na'ura ragamar rayuwa.