Kafin ka sauya tankin mai a tsohuwar a-kori-kura, duba fulota

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da Lokpanta, yawanci ku muke yi wa waya daga nan Iware idan tankin motar gida ya ruɓe, mu ce a nemo mana na Beljiyam a kasuwar Ladipo ko Nkpor. Ni ɗan gidan fataucin shanu ne, da tsofaffin Hilux da Peugeot 504 muke kai dusa da ƙananan dabbobi kasuwa. Shi ya sa nake so mu fahimci juna: tanki ya zauna daidai a mazauninsa bai isa ba, sai fulotar da ke cikinsa ta dace da gejin motar.

Fulota wani ɗan ƙarfe ne mai balan-balan a baki, yana hawa da sauka tare da mai, yana sauya yawan wutar da ke kaiwa ga geji. Ana auna wannan da om, kuma kowane kamfani da nasa lissafi. A tsofaffin Toyota, wajen om 110 ne idan tanki wayam, wajen 3 idan ya cika. Fulotar VDO ta Turai kuwa akasin haka take: 10 wayam, 180 cike. Ka haɗa wannan da gejin wancan, allura za ta nuna maka mai alhali ya kusa ƙarewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kaɗan-kaɗan muke sha, don haka geji mai ƙarya yana iya tsayar da kai a daji tsakanin Mutum Biyu da Wukari, da awaki a baya cikin rana.

To, idan za ku saya, a faɗa wa mai kaya shekarar motar, da ko ta fetur ce ko ta gas. In tsohuwar fulota na da rai, a mayar da ita, muddin zurfin tankunan ɗaya ne. Kafin a ɗaura, rewaya ya jona wayoyi, ya kunna makulli, ya ɗaga hannun fulota a hankali ana kallon allura, nesa da mai. A tabbatar wayar as ta kama jikin mota sosai. In tankin mai famfo ne a ciki, kada a kuskura a sa wayar famfo a kan ta geji, fulota za ta ƙone.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya tsare dukiya.