Alakoss: Uwaye na gina azuzuwa, amma wa ke duba abin da yara suka koya?

A kowace shekara, ana komawa makaranta a Jamhuriyar Nijar a watan Oktoba. Sai dai a ƙauyuka da dama na ƙaramar hukumar Alakoss, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, ranar da ma'aikatar ilimi ta tsayar ba ita ce ranar da karatu ke kankama ba. Lokacin ya zo daidai da girbin hatsi, yara na gona tare da uwayensu, wasu kuma na bayan dabbobi. Ga makarantar da ajinta na zana ne, dole a jira a gama girbi a samu kara, sannan magidanta su taru su kafa rumfar da yara za su zauna. Makonnin da aka yi ana jira kuwa ba sa dawowa.

Wannan ya nuna irin nauyin da ke wuyan uwaye a karkara. Su ke gina aji, su ke yanke shawarar ko yaro zai tafi lakwal ko kiwo, su ne kuma ke da ta cewa a kan ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko a yi mata aure. Tambayar da ta rage ita ce, shin wannan hannun da suke sawa yana kai wa ga yaro ya iya karatu da lissafi?

Yadda uwaye suka samu kujera a makaranta

Dokar tsarin ilimi ta Nijar ta 1998 ta amince cewa uwaye da al'umma na da rabo a tafiyar da makarantu. Daga baya aka ƙirƙiro kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES, waɗanda yanzu ake kira CGDES. A cikin kwamitin akwai wakilan ƙungiyar uwayen ɗalibai, da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata, da daraktan makaranta, da wakilin malamai.

A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara wani shiri mai suna "Makaranta don Kowa" a jihar Tawa, kafin a faɗaɗa shi zuwa Damagaram, sannan ƙasa baki ɗaya. Abin da shirin ya kawo bai da wuyar fahimta. Na farko, a zaɓi wakilan uwaye ta hanyar ƙuri'ar sirri, maimakon mai gari ko wani mai faɗa a ji ya nuna nasa. Na biyu, a kira taron gari a tsara abin da za a yi wa makaranta a shekara, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa, kuɗi ko hatsi ko ƙarfinsa. Na uku, a dawo gaban jama'a a yi bayanin abin da aka kashe. Kwamitocin kowace ƙaramar hukuma kuma suna haɗuwa a tarayya guda, wadda ke zama da sufetocin ilimi da hukumomin gari.

Kuɗi kaɗai bai wadatar ba

Wani bincike da ya shafi jihar Damagaram kai tsaye ya gwada ƙarfin waɗannan kwamitoci. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi diddigin wani gwaji da aka yi a makarantu 1,000 na jihohin Tawa da Damagaram, inda aka ba kwamitocin makarantu 500 tallafin kuɗi a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008, sauran kuma ba a ba su ba. Sakamakon ya nuna cewa uwaye sun ƙara shiga harkokin makaranta, amma makin yara a jarabawa bai ƙaru ba. Har ma fashin malamai ya ɗan ƙaru a makarantun da suka samu kuɗin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙauye. Uban da bai taɓa zama a aji ba yana iya ganin rufin da ke yoyo, ya gyara. Amma da wuya ya buɗe littafin ɗansa da aka rubuta da Faransanci ya gane ko yaron na ci gaba. Ya fi masa wuya kuma ya tsare mushe ya tambaye shi dalilin da ya sa bai zo aiki ba, tun da ba shi ya ɗauke shi ba, ba shi ke biyan shi ba. Shi ma malamin, wanda galibi ɗan kwantaragi ne, yana da nasa kukan: nisa da gari, da doguwar tafiya kafin ya karɓo albashi.

Wani gwajin da masanin JICA Eiji Kozuka ya yi daga baya a Nijar ya cike gurbin. Inda aka ba da kuɗi kawai, karatu bai motsa ba. Inda aka haɗa kuɗin da horar da 'yan kwamiti, aka yi wa yara gwaji aka bayyana wa uwaye sakamakon, nan ne maki ya tashi, domin jama'a sun karkata ga shirya darussan ƙari da karatun dare. Da uwaye suka ga yaro na aji huɗu bai iya haɗa lamba biyu ba, sai muhawara ta tashi daga maganar kara da tabarma ta koma kan karatu.

Abin da ke cikin haɗari

Alƙaluma sun nuna girman aikin. A gwajin PASEC na 2014, wanda ake yi wa ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ƙasa da yaro ɗaya cikin goma na ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne ya kai matakin da ake buƙata a karatu. A 2019 adadin ya kai kusan uku cikin goma. An samu ci gaba, amma har yanzu mafi yawan yara na gama shekara shida a aji ba su iya karanta wasiƙa yadda ya kamata ba.

Ga 'yan mata lamarin ya fi tsanani. Hukumar UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana yi masu aure kafin su kai shekara 18. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare 'ya mace da ke karatu, kuma a zamanin shugaba Mohamed Bazoum an buɗe makarantar kwana ta 'yan mata a Kelle, cikin gundumar Gure. Damuwar da ta haifar da ita sananniya ce: uba ba ya son tura 'yarsa kwaleji a wani gari ba tare da sanin inda za ta kwana da wanda zai kula da ita ba. A nan ƙungiyoyin uwaye mata ke da tasiri, domin su ke shiga gida gida su ji abin da ya hana yarinya zuwa.

Su kansu azuzuwan zana da uwaye ke ginawa suna da haɗari. Gobarar da ta tashi a wata makaranta a Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta biyo baya a Maraɗi a watan Nuwamba, sun hallaka yara fiye da 40.

Rabon 'yan birni da 'yan cirani

Matasan yankin Gure da yawa na neman abinci a Damagaram, Agadas, Kano ko Libiya, kuma kuɗin da suke aikowa na riƙe gidaje. Abin da binciken nan biyu ke koya masu shi ne, tambaya na iya yin aikin da kuɗi bai yi ba. Wanda ya kira gida zai iya sa ƙanensa ya karanta masa layi biyu ta waya. Zai iya tambayar ranar da kwamiti ya yi taron gari na ƙarshe, da ko an faɗi sakamakon yara a ciki. Idan zai taimaka, fitila mai aiki da hasken rana da littattafan lissafi don karatun dare sun fi kusa da ƙwaƙwalwar yaro.

Akwai kuma batun harshe. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci kuma ya koma harshen aiki. A gunduma kamar Gure, inda ake jin Barbarci, Hausa, Fulatanci, Buzanci da Tubanci, ranar da uwa za ta ɗauki littafin ɗanta ta ji abin da ke ciki da harshen da take magana da shi, ranar ce kwamitin makaranta zai samu masu sa ido a kowane gida. Kafin nan, aikin da ke gaban uwayen Alakoss shi ne su nemi a riƙa faɗa masu gaskiyar abin da 'ya'yansu suka iya, a bainar jama'a, tun shekara ba ta ƙare ba.